Kumburin da kake gani a faranti, daga ina ya fito?

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa masu binciken cutar mantuwa ta Alzaima da cutar karkarwa ta Fakinsan suke shan wahalar renon ƙwayoyin jikin mutum a farantin ɗakin gwaji alhali ga ɓeraye, da kuma ko kumburin da ake gani a farantin abin yarda ne.

Ba a yankar ƙwaƙwalwar mai rai don a duba ta, kuma garkuwar ɓera ba ta amsa cuta daidai da ta mutum. Tun da Shinya Yamanaka na Japan ya nuna a 2007 cewa da ƙwayoyin gado huɗu ana iya mayar da ƙwayar fatar mutum ta koma ƙwayar tushe, wato wadda za ta iya zama kowace irin ƙwayar jiki, sai ya zama daga fata ko jinin majinyaci ana samar da ƙwayoyin jijiya da kuma maikrogiliya, masu gadin ƙwaƙwalwa. Masu gadin nan su ne suke share dattin furotin irin amiloyid, amma idan suka daɗe a harzuƙe, sinadaran kumburin da suke fitarwa sai su shiga lalata jijiyoyin da suke tsaro. An ƙara sa musu ido tun 2013, da aka gano cewa wani sauyi a ƙwayar gado ta TREM2, wadda ke aiki a maikrogiliya, yana ƙara haɗarin Alzaima.

Rabi na biyu na tambayarka shi ne ya fi damuna, domin nan hannunmu yake shiga. Maikrogiliya tana da saurin tunzura: ɗan burbushin gubar bakteriya a ruwan abincinta, ko ƙurar hunturu da ta bi safar hannunka, ko ɗaukewar wuta irin tamu ta Damagaram da za ta sauko da akwatin reno ƙasa da digiri 37, kowanne na iya kawo sauyi a kumburin da ba ruwansa da cutar. Saboda haka kada ka karanta farantin majinyaci shi kaɗai. Ka ajiye ɗan'uwansa a gefe, wato ƙwayoyin majinyacin nan da aka gyara musu sauyin ƙwayar gadon da CRISPR, dabarar gyaran ƙwayoyin gado, ka rene su rana ɗaya, da ruwa ɗaya, sannan bambancin da ya rage tsakaninsu shi ne za ka jingina wa cutar.

Ka kuma tuna cewa mayar da ƙwaya tushe yana goge mata alamun shekaru, ta koma kamar ta jinjiri, ga shi kuwa waɗannan cututtukan tsufa ne. Duk sakamakon da za ka rubuta, ka sa kwanakin da ƙwayoyin suka yi a reno da lambar ruwan da ka ba su.