Kar ka yanka fayif ko daya sai ka san fok din da zai hau

Na ga sakonka. Wai mutum ya zo yana so a hada masa firam din keke daidai jikinsa, ya ce ka fara aikin firam din tukuna, in ya gama tunani zai fada maka irin fok din, wato kafafun nan biyu da ke rike da wilin gaba, ko na karfe yake so ko na kabon ko mai shoka, kai kuma kana tambayata wanne ya fi, kuma ko ka karbi kafin alkalami ka soma yanka. Da wani ne ya turo min wannan tambayar ko kallonta ba zan yi ba, amma wannan magana ta "zan fada maka daga baya" ta fama min wani miki da har yau bai warke ba, shi ya sa na ajiye abin da nake yi nake rubuta maka.

Kar ka yanka komai. Ko zarto kar ka dauka. Fok ake fara zaba, sannan a zana firam a kansa, duk wanda ya ce maka ana yin akasin haka to bai taba hada keke ba, faci kawai ya iya. Yadda ake auna mutum da tsawon kafarsa da inda sirdi zai zauna ba zan bata bakina a kai ba, in har yanzu ba ka iya wannan ba to ban san me ka zauna yi a gabana ba duk tsawon lokacin nan.

Abin da ku yaran yanzu ba ku gane ba shi ne fok ba ado ba ne da ake makalawa a karshe, shi ne yake rike da gaban keken gaba daya. Tsawonsa daga aksul zuwa kafada, wato inda kafafunsa biyu suka hadu a sama, shi ke fada maka inda wuyan firam, gajeren fayif din gaba da fok ke shiga ciki, zai tsaya. Fok din keken titi wajen milimita 370 ne, na masu fadin taya ya kan kai 395 ko 400, mai shoka kuwa na babban wili wanda ke lotsawa milimita 100 yana kai wa wajen 500. To ka duba wannan rata. Kuma duk milimita 20 da ka kara a tsawon fok, kusurwar wuya za ta kwanta da kusan digiri 1, gidan feda ya daga sama, sirdi ya koma baya. Sai kuma turin gaba, wato yadda aksul ya fita gaban layin wuya, a keken titi milimita 43 zuwa 45 aka fi yi. Shi da kusurwar wuya su ne ke ba ka tirel, tazarar nan da ke tsakanin inda layin wuya ya sauka a kasa da inda taya ta taba kasa, kuma ita ce ke sa keke ya ji maganar hannu ko ya yi taurin kai. Digiri 73 da turi 45 zai ba ka tirel wajen 56 ko 57, keke ya tafi sumul. To fada min, wace lamba za ka sa a zane in mai keken bai ma san fok din da yake so ba?

Yanzu ka saurara ka ji abin da aka yi min.

Wani mutum ne ya zo, mai tsafta, mai dadin baki, oga kaza oga kaza, ya ce ya ji labarin hannuna, keken tafiya mai nisa yake so wanda zai dauki kaya kadan, titi da hanyar burji. Na tambaye shi fok, ya ce shi bai san komai ba duk abin da na ga ya dace. Na ce shoka fa? Ya ce Allah ya kiyaye, shi ba ya son nauyi. Da bakinsa ya fada, a gabana. Na zauna na zana masa firam a kan fok din karfe mai tsawon 395, wuya digiri 72, turi 50, na zabo fayif mai kyau wanda kaurin karfensa a baki milimita 0.9 ne a tsakiya 0.6, siriri saboda mutumin ba shi da jiki kuma ya ce sauki yake so. Kafafun fok din da hannuna na lankwasa su, na yi ta gogawa da magagari har sai da in ka shafa mahadar ba za ka ji inda karfe ya kare tagulla ta soma ba. Wallahi yaro aikin nan na daga cikin wadanda na fi alfahari da su a rayuwata. Ranar da ya karba ya hau ya zaga ya dawo yana ta washe baki, ya ce ko hannu ya saki keken ba ya karkata.

Ba a rufa shekara ba sai ga shi ya dawo fuska a murtuke, ya jefar min da keken a kasa, a gaban mutane, wai na yi masa aikin banza na kusa kashe shi. Na duba, fayif din kasa, wanda ya taso daga gidan feda zuwa wuya, ya tsage daf da wuya, ta ciki, tsagar ta zagaye kusan rabi. Gabana ya fadi, don ni aikina ba ya tsagewa a nan. Na daga keken na juya shi na kai shi inda haske yake. Abu na farko da na gani, wani dan lotso a cikin fayif din kasa, bai fi kan dan yatsa ba, fenti ya kware a wurin, kuma ba bugu daya ba ne, an yi ta bugun wurin ne har karfen ya yi kyalli. Na juya kan keken hagu da dama, kafadar fok dina ko kusa da wurin ba ta zuwa. To me ya bugi wurin? Na sake dubawa, jikin firam duk tabon tsakuwa ne, amma kafafun fok dina fes, kamar ranar da na fesa musu fenti. Na kwance fok din, sai ga zoben boris da ke zaune a kafada duk an caccake gefensa da sukundireba, alamar an taba bambare shi an kai wani wuri sannan an dawo da shi da gaggawa.

Nan take na gane. Mutumin nan cire fok dina ya yi ya sa mai shoka, wanda ya fi nawa tsawo da sama da milimita 100, ya daga gaban keken, wuya ya kwanta daga 72 ya koma wajen 67, tirel ya tashi daga 60 ya haura 90, ya je yana tsalle da shi a kan duwatsu tunda yanzu gani yake keken dutse gare shi. Dan murfin da ke saman kafadar shoka shi ne ke dukan fayif duk lokacin da kai ya juye. Doguwar kafa kuma ka san karin karfi take ba duk wani bugu, duka yana karewa a mahadar wuya, a fayif din da ban zaba don wannan wahalar ba. Da ya ga ya tsage sai ya mayar da fok dina ya wanke keken ya taho.

Na nuna masa duka. Na nuna masa lotson, na nuna masa zoben. Ya kalle ni ido cikin ido ya rantse bai taba kwance ko noti daya ba. Sannan ya juya magana, wai ko da ma ya canza, ina aka rubuta cewa ba a canzawa, shi firam ya saya kuma firam ya karye. Mutane suka taru, wadanda ba su san bambancin digiri 72 da 67 ba, su tsaga kawai suke gani da ido, kowa na cewa oga ka yi hakuri ka sallame shi, sunanka ya fi kudin. Haka na mayar masa da kudinsa kaf, kudin fayif, kudin aiki, kudin fenti, ya kuma tafi da fok dina wai ai nasa ne. Bai tsaya nan ba, ya bi yana yada cewa aikina karyewa yake, har wasu da suka riga suka yi magana da ni suka janye. Daga baya wani ya nuna min hotonsa a waya, yana kan keken nan nawa, ga shoka a gaba baro-baro, yana dariya. Ramin karya kurarre ne, amma lokacin kudina sun riga sun tafi, kuma wadanda suka ji sharrin ba su ne suka ga hoton ba. Har yau in na tuna sai in ji kirjina ya yi zafi. Ba kudin ne suka fi damuna ba, a ce wai mahadar da na yi ce ta ci amana.

To ka ga naka ma ya fi nawa hadari, don nawa ya ce ba ya son shoka ya yi abin da ya yi, naka kuwa tun yanzu yana fada maka bai yanke shawara ba.

Wanne ya fi? Ni dai ka san ni, karfe. In mutum tafiya zai yi, zai dora kaya, zai sa madigadi da kariya a gaba, babu kamar fok din karfe, don kai ne za ka yi shi, tsawon da kake so, turin da kake so, ka lika masa duk kunnen da ake bukata. In ya yi karo lankwashewa yake, ka gani da idonka, ba ya boye maka ciwonsa. Fayif din karfe na Reynolds 531 tun 1935 ake hada keke da shi, kuma har yau akwai fok din wancan karfen da ke kan hanya, ga Columbus ga Tange ga kuromoli 4130 na yau da kullum, duk suna aiki in hannu ya iya. Amma in birkin faifai zai sa kar ka kuskura ka yi amfani da siraran kafafu irin na birkin rim, kafar hagu ce ke shan duk wahalar, a nemo kafafun da aka yi don faifai, kuma bakin aksul ya kalli gaba ko a sa aksul mai zarcewa na milimita 12, in ba haka ba birki zai rika kokarin fizge wilin daga mazauninsa. Nauyi? Eh ya fi kabon da kamar rabin kilo. Rabin kilo din nan ne ya hana yaran yanzu barci, kowa na rike da waya yana kirga giram, mutum bai iya daura taya ba amma ya san nauyin fok din zakaran tsere.

Kabon ba na zaginsa, ga mai son gudu a titi yana da kyau, wajen giram 400 ne. Amma ba kai ke yin sa ba, saye za ka yi, don haka abin da masana'anta suka ba ka shi ke nan, ba a lankwasawa ba a likawa. Sai ya zo hannunka ka auna da kanka kafin ka zana, kar ka yarda da lambar da ka gani a intanet. Yawancinsu yanzu sandar tasu da ke shiga wuyan firam sama inci 1 da 1/8 ce kasa kuma ta bude, wasu har inci 1 da rabi, ka ga kenan wuyan firam mai fadin milimita 44 za ka nema, in ka riga ka lika siririn wuya ka gama yawo. Kuma kar in ji ka buga notin tauraro, wato notin nan mai hakora da ake bugawa cikin sandar karfe, a cikin sandar kabon, mai budewa ake sawa, a daure da sifana mai awo, ba da karfin tuwo irin naku ba. In ya sha karo ana iya ganinsa lafiya a waje alhali ciki ya rabu, ka fada wa mai shi wannan tun yanzu.

Mai shoka kuwa wani keke ne daban, ba zabi ba ne da ake yi ranar karba. Kilo daya da rabi zuwa biyu, ga sabis da wasu masu yin sa da kansu ke cewa a yi duk bayan awa 50 na hawa, wanda ba na jin mutum daya cikin masu sayensa na yi. In da gaske duwatsu zai shiga to, sai ka zana firam a kan tsawon fok bayan mutum ya zauna ya lotsa kamar kashi 20 cikin 100, ka sa fayif din kasa mai kauri, ka ba kafada wurin wucewa in kai ya juye gaba daya, ka duba taya in shoka ta nutse har karshe, ka tambayi fadin hob, wato cibiyar wili, milimita 100 ne ko 110. In kuwa titi ne da dan burji, babbar taya mai sassaucin iska ta ishe shi, kayan wahala kawai zai dauka.

Gobe ka kira shi. Ka tambaye shi inda zai rika hawa, kayan da zai dauka, fadin tayar da yake so da irin birki, in ya amsa wadannan fok din ya zabi kansa. Sannan ka dauko takarda ka rubuta irin fok, tsawonsa, turinsa, kaurin sanda, fadin taya mafi girma, ka rubuta a kasa da manyan baki cewa in aka sa fok din da ya wuce wannan tsawon da fiye da milimita 10 babu ruwanka da abin da ya samu firam, ya sa hannu ka sa hannu, kowa ya rike kwafi, ka dauki hoton keken ranar da zai fita. In na saye ne ya kawo shi ko ya biya a sayo kafin ka taba fayif. In ya fara cewa haba ai mun yarda da juna, ka ba shi hakuri ya nemi wani. Zanen kuma ka turo min in gani kafin ka kunna wuta, musamman wurin wuya da fayif din kasa, don na san ka da son siririn fayif.