Nawa ya kamata ya riƙa shigo min kafin in riƙe iyali a birni?

Wani ɗan kasuwa ya turo min saƙo, ga shi a taƙaice: "Malam barka da aiki. Ina da shago shekara huɗu kenan, na yi aure, muna da yaro ɗaya kuma maiɗakina tana da juna biyu. Ina so in kwashe su mu koma cikin birni kusa da kasuwa. Don Allah nawa ya kamata a ce yana shigo min a wata kafin mu zauna cikin kwanciyar hankali, ba hannu baka hannu ƙwarya ba? Ciniki dai alhamdulillahi ana yi."

Toh ɗan'uwa, Allah ya sauki maiɗakinka lafiya. Bari in fara da inda ka ƙare, wato "ciniki ana yi", don nan ne na ɗan tsaya. Ciniki ba shi ne kuɗin shigarka ba. Kuɗin da ka ga sun cika durowa da yamma yawancinsu ba naka ba ne, na kayan da za ka sake sarowa ne, da hayar shago, da yaron shago, da wanda ya ba ka kaya bashi. Ma'aikacin albashi in ya yi wannan tambayar amsarsa mai sauƙi ce tunda ya san abin da ke faɗowa ƙarshen wata, kai kuwa sai mun fara gano nawa ne naka tukuna kafin a zo maganar ko ya isa ko bai isa ba.

Kuma ba zan ba ka adadi ɗaya in ce shi ne ba, duk wanda ya ba ka ba tare da ya san birnin da unguwar da kuɗin hayar ba kawai faranta maka rai ya yi. Abin da zan ba ka shi ne yadda za ka fitar da adadin da hannunka.

Ka samu littafi, ka zauna da maiɗakinka, don wallahi ta fi ka sanin inda kuɗin gidan nan ke tafiya. Ku rubuta abubuwan dole kaɗai, waɗanda ko kasuwa ta ci ko ba ta ci ba sai an biya: haya, cefane, wuta da ruwa da abin girki, kuɗin mota, magani da awon ciki, makarantar yaro in ya isa, katin waya da data, bashin da ake biya, da wanda kake ɗauke wa nauyi duk wata in akwai. Abin da ake biya sau ɗaya a shekara ka raba shi gida 12 ka sa rabonsa a kowane wata, nan ne mutane da yawa ke ruɗin kansu, sai mutum ya ga wata goma sha ɗaya yana lafiya lau ya ɗauka yana da rara, ranar da mai gida ya ƙwanƙwasa ƙofa sai a koma shago a kwashi uwar kuɗi. Kuma da farashin birnin da za ku koma za ku rubuta, ba na inda kuke yanzu ba, ka je da ƙafarka ka tambayo.

In kun haɗa jimilla, wannan ba shi ne kuɗin kwanciyar hankali ba, kuɗin numfashi ne kawai. Akwai wani tsari da Elizabeth Warren, wadda daga baya ta zama sanata a Amurka, ita da 'yarta suka yaɗa a 2005, ana ce masa 50/30/20: rabin abin da ke shigowa ya tafi a abubuwan dole, kashi 30 a abubuwan jin daɗi, kashi 20 a ajiya da rage bashi. In ka juya lissafin sai ya ba ka amsarka, wato abin dolenka sau biyu. A ce dolenku ya kama 300, ko wane irin kuɗi ne kuke kashewa, to tsarin nan cewa yake sai 600 na shigo maka. Ni gaskiya ina ganin ya yi tsauri ga matashin da ya fara tara iyali, nakan sassauta zuwa kashi 60, ka ga 300 ɗin nan sai ya buƙaci 500 kenan. Amma in dole ya haura kashi 75 na abin da ke shigowa, to ana dai rayuwa, ciwo ɗaya ko gyaran mota ɗaya ya isa ya kai ku ga cin bashi.

Maganar haya kuma, za ka ji ana cewa kada ta wuce kashi 30 cikin 100. Ya kamata ka san daga ina wannan magana ta fito kafin ka ɗora rayuwarka a kanta. Daga dokar gidajen gwamnati ta Amurka ce, a 1969 aka ƙayyade cewa mazauna gidajen kada a karɓi fiye da kashi 25 na samunsu, a 1981 aka ɗaga zuwa 30, daga nan duniya ta ɗauka kamar wahayi. Matsalar ita ce a can abinci wajen kashi 13 kawai yake ci na abin da gida ke kashewa, alhali akwai ƙasashen da cefane kaɗai ke cinye kusan rabi. Tun 1857 wani Bajamushe masanin ƙididdiga, Ernst Engel, ya lura cewa iya ƙarancin samun gida iya girman kason da ciki ke ɗauka. Saboda haka in littafinku ya nuna cefane na cin kashi 35 ko 40, ba ka da wurin hayar kashi 30, taka ta tsaya wajen 20 ko ƙasa. Sannan kada ka auna haya ita kaɗai, ka haɗa ta da kuɗin mota. Gida mai araha a bayan gari wanda sai ka hau mota biyu safe biyu yamma, ga awa uku a hanya da ya kamata a ce kana shago, sau da yawa ya fi na kusa tsada, ba a dai gani ne saboda kullum kaɗan-kaɗan yake fita.

Jaririn da ke tafe shi ma a sa shi a lissafi tun yanzu. Masu ƙididdiga a Tarayyar Turai suna da wani ma'auni da nake so don sauƙinsa: babban mutum na farko a gida 1, na biyu 0.5, kowane yaro ɗan ƙasa da shekara 14 kuma 0.3. Ku yanzu 1.8 kuke, in an haihu kun zama 2.1, ƙarin wajen kashi 17 cikin 100 kenan a kan abin da kuke kashewa don ku tsaya yadda kuke. Awo ne na kusa-kusa, shekarar da yara suka shiga makaranta ko aka buƙaci mai raino yakan wuce haka sosai.

Yanzu mu dawo shago, inda ainihin amsar take. Na taɓa zama da wani mai shago da ya rantse min ribarsa tana isarsa har da saura, amma kullum kantocinsa ƙara yin fili suke. Na ce ya bar ni in zauna gefe in ga yadda yake tashi. Da ya zo rufewa sai ya ja durowa, ya zari wasu ya sa a aljihun gaba na cefane, wasu a na gefe na mota, ƙaninsa ya leƙo ya miƙa masa wani abu, sannan ya ƙirga sauran ya rubuta a littafi a matsayin cinikin ranar. Abin da ya shiga aljihu ba a rubuta ba, shi a ganinsa ai nasa ne. Da muka sa ya rubuta na wata biyu, sai ga shi gidan yana cin kusan ninki biyu na ribar. Jari yake ci da cokali bai sani ba, kuma ba almubazzari ba ne, bai dai taɓa raba aljihu da durowa ba.

Akwai kuma wani ramin da ko masu rubutawa suna faɗawa. Ka saro kaya 100 ka sayar 120, ka ce ka ci 20. Ka koma sari ka tarar ya zama 112. To ribarka 8 ce, 12 ɗin na kayan ne, in ka kai 20 gida gobe kaya kaɗan za ka iya ɗaukowa. A lokacin tsadar kaya da kuɗin sake sarowa ake auna riba, ba da kuɗin da ka saya a da ba. Kuma ka riƙe lissafin 72: ka raba 72 da yawan hauhawar farashi na shekara, zai ba ka kusan shekarun da kuɗin rayuwa zai ninka. In kashi 6 ne shekara 12, in kashi 18 ne shekara 4 kacal. Shi ya sa adadin da ka fitar bana ba na har abada ba ne, duk wata shida ka sake zama da littafin.

To ga abin da za ka yi. Ka fitar da ribar kowane wata na shekarar da ta wuce, bayan ka cire kuɗin sake sari da duk kuɗin tafiyar da shago. Kada ka ɗauki matsakaicin shekara, watanni masu kyau za su rufe maka ido. Ka zaɓi wata uku da kasuwa ta fi yin sanyi ka ɗauki matsakaicinsu, ka bar wa shago wani abu a ciki ko da kashi 10 ne don ya girma, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin da ya rage shi ne albashinka, shi za ka riƙa biyan kanka rana ɗaya a wata zuwa wani asusu daban, kuma shi za ka gwada da 500 ɗin can. In ya kai, bismillah. In 400 ya kama, ka ga dole ya ci kashi 75 kenan, ni dai ba zan ce ka ɗauki iyali yanzu ba, sai dai a nemi gida mai sauƙi ko a jira. Rarar watanni masu kyau kuma ba ta gida ba ce tukuna, ita za ta tara maka kuɗin ko-ta-kwana. Ana ce wa mai albashi ya ajiye na wata uku zuwa shida, kai da samunka ke hawa da sauka na wata shida na abin dole nake so ka nufa, kuma ba a cikin kaya ba, don ranar da kake neman kuɗin asibiti da tsakar dare kaya ba sa sayuwa.

In maiɗakinka tana da sana'a ko aiki, madalla, amma shawarata kada ku ɗora haya a kan samunta a wannan shekarar, haihuwa na iya tsayar da ita wasu watanni. Nata ya tafi ajiya, naka ya ɗauki dole.

Kafin ka biya kuɗin kowane gida, ka yi gwaji na wata uku daga inda kuke. Ka biya kanka albashin nan, ka cire bambancin hayar birni da kuɗin motar birni ka zuba a asusu kamar ka riga ka koma, ku rayu da sauran. In wata ukun suka wuce hannunka bai koma durowa ba, ka samu amsarka kuma ga kuɗin kwasar kaya da na kafin alƙalami sun taru. In kuwa tun sati na uku ka fara zara, ka turo min jimillar dolen da ribar watanni ukun nan mu duba inda za a rage.