Me ya sa Abuja ke cunkushewa alhali tsara ta aka yi?

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda birnin da aka zana a takarda kafin a gina shi yake fama da cunkoson da ya fi na mahaɗar Kwangila ta Zariya da yamma. Titunan ba su da laifi sosai, matsalar tana wajen inda mutane ke kwana.

A 1976 gwamnatin Murtala Muhammad ta yanke shawarar barin Legas, aka kammala babban tsarin birnin a 1979, aka tare a Disamban 1991. Tsarin ya tanadi manyan tituna da ke zagaye unguwanni, ya kuma ware hanyoyi na musamman don manyan motocin haya da jirgin ƙasa. Titunan aka gina, sufurin jama'a aka bari baya. Sai a 2018 aka buɗe ƙaramin jirgin ƙasan birnin.

Sannan kuɗin haya a Maitama da Wuse ya kori ƙananan ma'aikata zuwa Kubwa, Nyanya da Mararraba. Da asuba kowa ya nufi tsakiyar gari a lokaci ɗaya, da la'asar a juyo tare. Ka tsaya a Nyanya da ƙarfe bakwai na safe: hannun shiga gari a toshe, mota ta manne da mota, ɗaya hannun kuwa fayau.

Faɗaɗa titi na kawo sauƙi na ɗan lokaci, sai motoci su ƙaru su cike shi. Ni dai a ganina, mu ma a Zariya gara mu gyara sufuri tsakanin Samaru, PZ da Ƙofar Doka tun yanzu.