Digirin Digirgir a Fannin Ba da Shawara ta Kirista: Amsoshin Wasiƙunku

Wani fasto daga Bukuru, kusa da Jos, ya rubuto cewa wata makaranta da ya gani a Facebook ta yi masa alkawarin digirin digirgir a fannin ba da shawara ta Kirista cikin wata shida, ba shiga aji, ba kundin bincike. Yana tambaya ko ya tura kuɗin.

Baba Fasto, kada ka tura ko sisin kwabo. Digirin digirgir na gaskiya, wato digiri na uku, yakan ci aƙalla shekara uku bayan digiri na biyu, da malami mai duba aikinka babi bayan babi, da ranar da za ka tsaya gaban masana ka kare abin da ka rubuta. Kada a manta cewa a watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙishirwar a kira mutum "Dakta". Dubi takardun tallar tarurrukan farkawa da ake liƙawa a kasuwar Terminus ta Jos, za ka ga masu wa'azi da wannan laƙabi gaban sunansu. Ranar da gwauruwar da ta rasa miji a rikici ta zauna gabanka ta ce barci ya ƙaurace mata, ko aka kawo maka saurayin da ƙwaya ta kama, takardar bogi ba za ta koya maka lokacin da ya kamata ka haɗa addu'a da tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) ba. Kwalejin tauhidi ta TCNN tana nan kusa da kai, makarantar tauhidi ta ECWA, wato JETS, tana cikin garin Jos. Je ka da ƙafarka ka tambayi abin da suke koyarwa. Idan makarantar ta ƙetare ce, nemi sanin hukumar da ta amince da ita, sa'an nan ka bincika ko Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya za ta karɓi takardar.

Wata uwa daga Tudun Wada, mai digiri na biyu, wadda ta daɗe tana sauraron matsalolin aure a zumuntar mata, tana son yin digirin digirgir amma tana fargabar ko shekaru sun tafi, ga kuma kuɗin makarantar yara.

Mama, kwantar da hankalinki, ba ki makara ba. Idan koyarwa a jami'a kike so, PhD, wato digirin digirgir na bincike, za ki nema, idan kuwa hidimar ikilisiya ce, DMin, wato digirin digirgir na aikin hidima, ta fi dacewa da ke. Sai dai kada ki ci bashi da ruwa saboda karatu, kuma ki lissafa kuɗin littattafai da na zirga-zirgar bincike tun kafin ki sayi fom.

Wani kuma daga Rayfield yana tambaya wace makaranta ce rigar yayenta ta fi kyau a hoto. Malam, wannan tambaya ce ta tela, akwai su da yawa a titin Ahmadu Bello.