Dogon dashe ko gajere: wanne zan saya?

Tambaya: Bana ne zan fara noman rani a gefen Kadawa. Ban yi renon iri ba, dashen tumatir zan saya. An nuna mini wani dogo har ya fara fure, da wani gajere mai kwana 25. Mai sayarwa ya ce dogon zai riga haihuwa. Wanne zan ɗauka? (Daga Garun Malam)

Amsa: Malam, ɗauki gajeren. Tumatirin da ya yi fure a wurin reno ya wuce lokacinsa. In ka cire shi furen zai zube, ya daɗe bai farfaɗo ba. Abin nema shi ne mai sati 3 zuwa 4, ganye huɗu ko biyar, kara mai kauri. Tsawon da ya burge ka sau da yawa cunkoso da inuwa ne suka jawo shi.

Kada ka yi ciniki a tsaye. Tsuguna ka ciro ɗaya: saiwa fara tas ake so, gindi kuma ba baƙi ko tsukewa. Ɗaga ganyen ka duba da kyau, in ka ga tabo fari-fari kamar an ƙwaƙule cikinsa, tsutsar sharon ce, wadda ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016. Ko kyauta aka ba ka, bar masa kayansa. Ka kuma tambayi sunan irin, UC82B ne ko Roma ko na haɗi. Wanda ya ce maka "ai mai kyau ne" kawai, bai amsa ba.

Ranar dashe a jiƙa wurin renon tukuna don a ciro da ƙasa a jikin saiwa. A dasa da la'asar sakaliya, tazara kamar santimita 45 zuwa 60, a danna gindin, a ba da ruwa nan take. Washegari da rana za ka ga sun yi laushi. Kada hankalinka ya tashi, cikin kwana uku suke miƙewa.

Tambaya: Ni na reni nawa. In sayi takin zamani na NPK in zuba ranar dashe? (Wata mai lambu daga Zariya)

Amsa: Hajiya, saya ki ajiye. Sabuwar saiwa ƙonewa take yi in taki ya taɓa ta. Ki rage ban ruwa sati guda kafin cirewa don su yi ƙwari, takin kuma sai bayan kwana 10 zuwa 14 da dashe, a binne shi ɗan nesa da gindi.