Amsa ga mai tambaya kan sakamakon maikro'are biyu da suka saɓa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce RNA ɗin jinin yara masu maleriya da kuka ɗiba nan Kumasi kun raba shi biyu, lab ɗaya ya yi da maikro'are (na'urar auna aikin dubban ƙwayoyin gado a lokaci ɗaya) na kamfanin Affymetrix ɗayan da na Agilent, jerin ƙwayoyin gadon da suka fito kuma ko kusa ba su yi kama ba, kina tambaya wanne za ki yarda da shi. To ki kwantar da hankalinki, ba lallai wani ya ɓata aiki ba.

Wannan rigimar ta daɗe, ita ce ma ta sa FDA, hukumar abinci da magunguna ta Amurka, ta jagoranci aikin MAQC na tantance ingancin maikro'are da ya fito 2006. Sun ɗauki RNA iri biyu, ɗaya na ƙwaƙwalwar mutum ɗaya haɗin layukan sel, suka gauraya su 3:1 da 1:3, suka raba wa labs, manyan na'urorin kowacce a wuri uku, kowane sampul sau biyar, sannan suka tantance da TaqMan, wato wani nau'in qPCR, gwajin da ke auna ƙwayoyin gado ɗaya bayan ɗaya. Abun da ya fito shi ne in ka jera ƙwayoyin da yawan ninkin da suka yi, ka sa ƙimar p (ma'aunin ko bambancin dace ne kawai) mai sassauci, jerin suna haɗuwa sosai, amma in ƙimar p kaɗai ka bi sai su watse. Ni nan nake zargin matsalarki take wallahi, don yawancin ɗalibai saman jerin p suke yankowa su kwatanta.

Kuma kar ki kwatanta hasken da na'urar ke aunawa da kansa. Furob ɗin Affymetrix, wato guntun DNA da ke kama RNA ɗin, harafi 25 ne, na Agilent 60, wani lokacin ma ba wuri ɗaya suke kamawa a jikin RNA ɗin ba ko da sunan ɗaya ne, saboda haka ki haɗa su ta jerin haruffan furob ba ta suna ba. Kamar olonka (gwangwanin awo) ce ta 'yan kasuwa biyu, adadin zai bambanta amma in buhu ya ninka wani duk za su nuna miki.

Amma abun da ya fi damuna hannun lab ne, tun 2005 wani aiki da labs 10 suka shiga ya nuna bambancin lab da lab kan wuce na na'ura da na'ura. Mu nan kuma muna da namu ƙarin, a wani wurin da na yi aiki dumsor, wato ɗaukewar wuta, ta sha kashe mana firiza cikin dare janareta bai tashi ba, ga sampul da ke yin kwanaki a hanya busasshiyar ƙanƙara na ƙarewa. Ki tambayi kowane lab RIN (makin ingancin RNA) nawa suka samu ranar da kaya ya isa, ƙasa da 7 ni kam bana sakin jiki da shi. Ki tambaye su kuma ko sun rage RNA ɗin globin na jajayen ƙwayoyin jini, don jini cike yake da shi yana danne sauran, in ɗaya ya rage ɗaya bai rage ba ai kin ga inda aka rabu.

Sai ranakun aiki, Allah ya sa ba a gudanar da marasa lafiya rana ɗaya masu lafiya wata rana ba, don in haka ne ComBat ma, manhajar da ke gyara bambancin zubin aiki, ba zai raba miki tasirin cuta da na ranar aiki ba. Ki zaɓi ƙwayoyin da suka ninka sosai a duka biyun ki bi su da qPCR, cibiyoyin bincike na KCCR a Kumasi ko Noguchi a Accra duk suna da injin. Ki turo mana RIN ɗin da ranakun a nan mu duba tare.