Tambaya da Amsa: Yaya Zan Sarrafa Waken Turawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Yayana da ke karatu a Niyukasal ta ƙasar Ingila ya kawo mana tsarabar busasshen waken Turawa mai ruwan ɗorawa, wanda aka raba kowace ƙwaya gida biyu, ya ce a can ana yin wani abincin gargajiya da shi mai suna pease pudding. Shin markaɗa shi zan yi kamar na alale? Daga ƙanwarki a unguwar Jahun, Bauchi.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki kai shi inji, domin alale ɗanyen wake ake markaɗawa sannan a dafa ƙullun, wannan kuwa sai ya dahu lugub tukuna ake dama shi. Abinci ne da ya shahara a arewa maso gabashin Ingila, inda aka saba dafa shi a cikin romon naman alade, don haka mu a nan romon ƙashin saniya ko na rago za mu yi amfani da shi, kuma a ganina ƙashi mai ɓargo ya fi ba shi armashi.

Ki jiƙa giram 500 na waken ya kwana, ba sai kin surfa ba tunda an riga an cire masa ƙowa. Da safe ki tsiyaye ruwan, ki zuba shi a tukunya mai kaurin gindi da albasa ɗaya da karas ɗaya, ki sa romo ya ɗan shanye kansa. Idan ya tafasa za ki ga farar kumfa ta taso, sai ki kwashe ta da ludayi, ki rage wuta, ki bar shi ya yi kamar awa ɗaya ko fiye, gwargwadon tsufan waken.

Wurin da aikin yake shi ne ƙarshen dahuwar. Da zarar ƙwayoyin sun fara fashewa, kamu yake yi nan da nan, saboda haka ki tsaya a kansa kina juyawa da muciya, kina ƙara romo mai zafi kaɗan-kaɗan idan ya nemi bushewa. Na san hannunmu ya saba da jefa kanwa a tukunyar wake, amma wannan ba ya bukatarta, kuma za ta dusar masa da launi.

Idan kin murza ƙwaya tsakanin yatsu ta narke, ki tsame karas da albasar, ki zuba man shanu cokali biyu da gishiri da masoro, ki burga shi har ya yi sumul. Ki sauke shi da ɗan laushinsa, saboda yana ƙara ƙarfi sosai idan ya huce. Za ki iya ci da zafinsa tare da naman romon, ko ki juye a kwano ya daskare a firji, washegari ki yayyanka ki soya sama-sama a ci da burodi.